Ina Fuluto Take? Yadda Aka Auna Mazauninta da Farantan Rediyo

A shekarar 2014 hukumar NASA ta Amurka tana da kumbo a hanya wanda ya shekara takwas yana gudu, kuma matuƙansa sun fi sanin inda kumbon yake a kan inda za shi. Kumbon shi ne New Horizons, wanda aka harba ranar 19 ga Janairu 2006 daga jihar Florida. Inda za shi kuwa Fuluto ce. Ya tashi tana cikin jerin manyan duniyoyi tara, bayan wata bakwai taron masana taurari na duniya da aka yi a birnin Prague ya sauke ta, ranar 24 ga Agusta 2006, zuwa ajin ƙananan duniyoyin da ake yi wa laƙabi da wadanni. Saukewar ba ta rage wa matuƙan aiki ko kaɗan ba. Duniya ce ko wada, dole su san inda za ta kasance ranar 14 ga Yuli 2015, a sa'a kaza, minti kaza.

Mutum zai ce ai wannan tsohon zance ne, tun 1930 ake ganin Fuluto, me ya rage ba a sani ba? Abin da ya rage 'yan dubban kilomitoci ne. A tafiyar kilomita kusan biliyan biyar wannan ba komai ba ne, amma ga wannan kumbon shi ne komai. Ba shi da man da zai ci birki ya tsaya, wucewa zai yi da gudun kilomita kusan 14 a kowane sakan. Ba a kuma iya tuƙa shi kai tsaye, domin saƙo yana ɗaukar sa'a huɗu da rabi kafin ya isa, amsa ta ɗauki wasu huɗu da rabi. Saboda haka tun kafin ranar aka rubuta masa komai: a sakan kaza juya nan, ɗauki hoto, a sakan kaza juya can. Babbar kyamararsa mai suna LORRI idonta ƙunci gare shi, bai kai sulusin digiri ba. Daga tazarar kilomita 12,500 da aka shirya zai gifta, abin da take gani a hoto guda bai fi faɗin kilomita sittin da 'yan kai ba. Idan lissafin lokaci ya goce da sakan 100, kumbon ya yi gaba ko baya da kilomita 1,400, fiye da rabin faɗin Fuluto, wadda duk faɗinta kilomita 2,377 ne. Sai a wayi gari an shekara tara da rabi ana jira, kyamara ta ɗauko baƙin sarari.

Shi kumbon saninsa da sauƙi, saboda yana magana. Tashoshin sauraro na NASA da ke Goldstone a Kalifoniya, da kusa da Madrid, da kusa da Kanbera suna aika masa saƙo ya maido, a auna lokacin da ya ɗauka, a san nisansa. Haka aka san nisan duniyar Mars har zuwa 'yan mitoci, albarkacin kumbunan da ke kanta da masu kewaya ta. Watan duniyarmu kuwa madubai aka ajiye a kansa tun zamanin kumbunan Apollo da suka kai mutane can, ana harba musu hasken leza ana auna nisa da santimita. Fuluto ba ta da ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ajiye mata na'ura, kuma rada ba ta kai can, domin ƙarfin amon da ke dawowa yana raguwa da mugun sauri: idan nisa ya ninka biyu, amon ya ragu sau goma sha shida. Iyakar inda radar duniya ta kai shi ne Zuhal mai zobba da watanninta, Fuluto kuwa ta ninka nisan Zuhal sau uku.

Abin da ya saura shi ne kallo. A ɗauki hoton sama, a ga ɗigon Fuluto tsakanin taurari, a auna tazararta da su. Da haka aka gano ta ma tun farko. Clyde Tombaugh, matashi ɗan shekara 24 a cibiyar Lowell da ke Flagstaff a jihar Arizona, yana zaune gaban wata na'ura da ke nuna masa faifan gilashi biyu bi da bi, ɗaya an ɗauka ranar 23 ga Janairu 1930, ɗayan ranar 29. Dubban ɗigo a kan kowane faifai, duk suna tsaye wuri ɗaya idan aka juya daga wannan zuwa wancan, sai ɗaya tak da ke tsalle. Ranar 18 ga Fabrairu ya kama shi. Daga nan har shekaru tamanin da huɗu, aikin bai sauya a asalinsa ba, kayan aiki ne kawai suka sauya daga gilashi zuwa kyamarar lantarki.

Ga inda gizo ke saƙar. Masu wannan sana'a suna raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane gida su kira shi sakan na kusurwa. Cikakken wata a daren sha huɗu faɗinsa kusan sakan 1,800 ne. Fuluto faɗinta kashi ɗaya cikin goma na sakan guda, kamar ka hangi ƙwallon ƙafa daga nisan kilomita 450. A nisan da take a lokacin, wajen kilomita biliyan 4.8, kuskuren sakan ɗaya a hoto yana nufin kilomita sama da 23,000 a sarari. Iskar da ke samanmu kuwa, wadda ke sa taurari ƙyaftawa, tana baza kowane ɗigo ya kai faɗin sakan ɗaya ko kusa da haka ko a kan dutse mai kyawun sama. Ana rage wannan da yawan hotuna da ɗaukar tsaka-tsaki, amma akwai kurakuran da yawan hoto ba ya wankewa.

Na farko, taurarin da ake aunawa da su ba a kafe suke ba. Kowanne yana tafiyarsa a hankali cikin gungun taurarinmu, kuma kundin da aka rubuta mazauninsu a ciki yana tsufa. Kundayen da kansu suna da karkata, wani yanki na sama ya ɗan zame gabas, wani ya zame kudu, gwargwadon na'urar da aka yi su da ita. Wanda ya taɓa ganin rikicin iyakar gona inda shaidar ita ce tsohuwar bishiyar da aka sare, kowa yana nuna inda yake jin ta tsaya, ya san irin wannan matsala. Kumbon Gaia na Turai, wanda zai zo ya gyara kundin taurari gyara na gaske, an harba shi a Disamba 2013, amma kundinsa na farko bai fito ba sai Satumba 2016, bayan biki ya watse. Ƙari a kan haka, a waɗannan shekarun Fuluto tana ratsa burujin Ƙausu, daidai gaban inda taurari suka fi cunkoso, haskensu yana cuɗanya da nata.

Na biyu, Fuluto ba ita kaɗai take ba. A 1978 James Christy ya lura hotonta yana da ɗan ƙullutu da ke zagayawa, ashe wata ne, Karon, mai faɗin kilomita 1,212, wajen rabin faɗinta. Tazararsu kilomita 19,600, suna zagaya juna cikin kwana shida da ɗan ɗoriya. Nauyin Karon ya kai har cibiyar da suke zagayawa ba ta cikin jikin Fuluto, tana waje, kimanin kilomita 2,000 daga tsakiyarta. Wannan cibiya, wurin da babu komai a cikinsa, ita ce ke bin falaki a kewayen rana, ita lissafi ke nema. Tsofaffin hotuna kuwa sun haɗe su biyun dunƙule guda, kuma tsakiyar hasken dunƙulen ba ita ce cibiyar nauyinsu ba. Ga shi fuskar Fuluto dabbare-dabbare ce, wani gefe fari fat, wani baƙi, don haka tsakiyar hasken nata ma tana yawo yayin da take juyawa.

Na uku shi ne mafi girma, kuma ba na'urar da ke maganinsa. Fuluto tana shekara 248 kafin ta kewaya rana sau ɗaya. Daga 1930 zuwa 2014 sulusin hanyar kawai aka gani. Falakin nata kuma ba da'ira ba ne, miƙaƙƙe ne kamar ƙwai, a karkace da digiri 17: a 1989 ta zo mafi kusa, wajen ninki 30 na nisan duniya da rana, can gaba za ta kai ninki 49. Idan aka ba ka ɓallin baki ɗaya na fasasshiyar tukunya aka ce faɗi girman tukunyar, za ka yi kusa, amma tukwane da yawa masu ɗan bambancin girma za su dace da ɓallin nan. Haka falakai da dama suka dace da abin da aka gani, kuma inda suka fi saɓa wa juna shi ne nisa.

Nisa kuwa shi ne abin da kumbon ya fi buƙata, kuma shi ne abin da idonsa ya fi kasa gani. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi da daddare babur mai fitila ɗaya yana tahowa ya san haka: kana iya cewa yana hagu ko dama da kai, amma ko saura taku ɗari ne ko ɗari biyar, sai ya matso. Daga Janairu 2015 LORRI ta fara ɗaukar Fuluto a kan taurarin da ke bayanta, ta gyara hagu da dama, sama da ƙasa, gyara mai kyau. Amma kumbon ya miƙe ne kusan sak zuwa gare ta, don haka sauran tafiyar da ta rage, wato lokacin isa, ba ta bayyana sosai sai 'yan kwanakin ƙarshe, lokacin da kusurwa ta fara buɗewa. Shi ya sa aka koma neman duk abin da zai matse falakin tun daga ƙasa.

A nan ALMA ta shigo. Tarin farantan rediyo ne guda 66 a kan tudun Chajnantor cikin hamadar Atakama a arewacin Chile, mita 5,000 sama da teku, haɗin gwiwar Turai da Arewacin Amurka da Gabashin Asiya da ƙasar Chile, an buɗe ta a Maris 2013. Hamsin da huɗu faɗinsu mita 12, sha biyu mita 7. Kowane babba ya kai tan 100, kuma akwai manyan motoci biyu, Otto da Lore, da ke ɗaukar faranti sukutum su kai shi wani dandamali, a matse su cikin mita 150 ko a baza su har kilomita 16. Iskar wurin ta yi ƙaranci har ma'aikata kan goya tulun iskar shaƙa, yawancin aikin ma daga sansanin da ke ƙasa a mita 2,900 ake gudanar da shi.

Masu sauraron rediyo sun saba jin a kama mu a gajeren zango, mita 19 ko mita 25. Wannan mitar tsawon igiyar ce. ALMA ma rediyo ce, sai dai zangonta ya gajarce har ya koma milimita, wani ma bai kai milimita ɗaya ba. To me Fuluto ke watsawa a wannan zango, tunda ba tasha gare ta ba? Zafin jikinta. Abin dariya ne a kira shi zafi, domin sanyin fuskarta ya kai wajen digiri 230 ƙasa da sifili, amma duk abin da bai kai ƙarshen sanyi ba yana fitar da ɗan haske gwargwadon ɗuminsa, kuma wutsiyar wannan haske tana faɗowa cikin zangon ALMA. Wannan ya kawar da matsala biyu a take. Taurarin da suka cunkushe bayanta kusan duk sun yi shiru a wannan zango, fili ya zama nata. Ɗumin kuma ya fi bazuwa daidai a fuskarta fiye da hasken rana da take maidowa.

Faranti ɗaya ba zai yi aikin ba. Kaifin ganin kowace na'urar hangen nesa yana zuwa ne daga faɗinta idan aka gwada da tsawon igiyar da take kamawa, kuma faranti mai mita 12 a zangon milimita ɗaya ba ya iya rarrabe abin da bai kai wajen sakan 20 na kusurwa ba, ninki ɗari biyu na faɗin Fuluto. Dabarar haɗa farantai, wadda ta kai Martin Ryle na Kambirij ga kyautar Nobel a 1974, ita ce ta ceci lamarin, kuma ainihinta ba hoto ba ne, agogo ne. Igiyar da ta taso daga Fuluto ba ta isa farantai biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya fi fuskantar ta yana riga ɗayan da ɗan mitsitsin lokaci, kamar yadda kunnuwanka biyu ke gaya maka ta ina aka kira sunanka. Ana tura abin da kowane faranti ya kama zuwa wata babbar kwamfuta a can kan tudun, ta gwada kowane faranti da kowane, ta fitar da wa ya riga wa, da nawa. Daga wannan rigayyar ake fitar da kusurwa.

Mu kawo shi kusa. Farantai biyu, tazararsu kilomita ɗaya. Idan Fuluto ta gusa da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, wato kilomita 230 a can inda take, bambancin hanyar da igiyar ke bi zuwa farantan biyu zai sauya da kashi biyar cikin ɗari na milimita. Kaurin silin gashi ke nan. Abin da ake aunawa ke nan, kuma duk abin da zai tsawaita hanyar igiyar da kaurin gashi maƙiyi ne: zafin rana da ya ɗan miƙar da ƙarfe, kuskure wajen sanin inda faranti yake zaune, uwa uba tururin ruwa a iska. Tururi yana rage wa igiyar gudu, kuma ba a shimfiɗe yake daidai ba, dunƙule-dunƙule yake wucewa da iska, yanzu yana saman wannan faranti, an jima yana saman wancan. Dalilin hawa tudun Atakama ke nan, inda sau da yawa idan aka matse duk tururin da ke saman wurin bai fi milimita ɗaya ko biyu na ruwa ba. Duk da haka manyan farantan suna ɗauke da 'yar na'ura da ke auna tururin da ke gabansu ana cirewa a lissafi.

Sauran kuskuren kuma da kwezar ake kashe shi, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin take. Kwezar cibiyar wani gungun taurari ce mai nisan gaske, inda ƙaton baƙin rami ke haɗiye abu yana feso haske mai ƙarfi. Maarten Schmidt ne ya fara gane nisan irinsu a 1963. Saboda tsananin nisa, duk gudun da suke yi ba ya nunawa a sama, a kafe suke a idonmu. Tawagar da ta yi aikin, wadda Ed Fomalont na cibiyar nazarin taurari ta rediyo ta Amurka yake ciki, ta zaɓi wata mai lamba J1911-2006, wadda haskenta ya yi tafiyar biliyoyin shekaru, kuma a lokacin tana kusa da Fuluto a sama. Da kana tsaye a kan tudun a daren da ake aikin, abin da za ka gani shi ne farantai gaba ɗaya sun karkata wuri guda, can sai su ɗan gyaɗa kai tare zuwa gefe, su dakata, su dawo, haka dai ta maimaituwa. Suna duban kwezar, wadda an san mazauninta sarai, duk gocewar da aka gani a kanta an san ta iska ce da na'ura, sai a cire irinta daga Fuluto. Gwargwadon kusancin kwezar da abin da ake aunawa, gwargwadon kyan gyaran, domin igiyoyin biyu sun ratso kusan iska ɗaya.

Amfanin kwezar bai tsaya ga share kuskuren iska ba. Tun 1 ga Janairu 1998, taswirar sama da masana suka amince da ita a hukumance a kan kwezar aka kafa ta, da guda 212 a matsayin turaku, aka sabunta ta a 2009 da turaku 295. Su tashoshin NASA ma da kwezar suke gane ta wace kusurwa kumbo yake: tashoshi biyu a nahiyoyi daban-daban su saurari kumbon, su juya su saurari kwezar da ke kusa da shi, su gwada. Ka ga ke nan kumbon yana rubuce a taswirar kwezar, Fuluto kuwa shekara da shekaru tana rubuce a taswirar taurari, kuma ɗinkin da ya haɗa taswirorin biyu yana da 'yar baraka. Abin da ALMA ta yi shi ne ɗauko Fuluto ta ajiye ta kai tsaye a taswirar da kumbon ke ciki. Hoton da aka fitar a Agusta 2014 ba abin ratayawa a bango ba ne, ɗigo biyu ne masu dishi-dishi, babba da ƙarami. Amma biyu ne, a rarrabe, kowanne da mazauninsa, don haka ana iya lissafa cibiyar nauyinsu ba tare da kame-kame ba.

Irin ƙarfin wannan hanya ya bayyana a Zuhal. A can a lokacin akwai kumbon Cassini, wanda ya kewaya ta daga 2004 zuwa 2017, yana watsa sigina mai kaifi, sai aka bi shi da farantai goma na VLBA, waɗanda ke baje daga Hawai zuwa tsibirin St. Croix, tazarar kilomita sama da 8,000. A farkon 2015 aka ba da sanarwar an san mazaunin Zuhal har zuwa kimanin kilomita huɗu. Fuluto ba za ta samu wannan gatan ba, ɗuminta ya yi rauni ƙwarai ga irin waɗancan farantai masu nisa da juna, dole a haƙura da abin da tudu ɗaya zai bayar.

ALMA ta duba Fuluto a ƙarshen Afrilu 2014, aka sake a Yuli. Rarraba lokutan da gangan ne. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, rufe ido ɗaya, sannan ka sauya: yatsan zai yi tsalle a kan bangon da ke bayansa, kuma girman tsallen yana gaya maka nisan yatsan. Duniya ita ce kan da ke ɗauke da idanun, domin cikin wata shida tana komawa ɗaya gefen rana, tazarar kilomita miliyan 300. A shekarun nan, farkon Yuli ne duniya ke shiga tsakanin rana da Fuluto, wajen Afrilu da Oktoba kuma tana can gefe da gefe, inda tsallen ya fi girma. Daga gefe zuwa gefe Fuluto tana gusawa da digiri uku da rabi a kan kwezar. Sai kuma a tuna cewa ba inda take ake gani ba, inda take sa'a huɗu da rabi da suka wuce ne, kuma cikin wannan lokaci ta yi gaba da wajen kilomita 90,000. Wannan ba ya tayar da hankali, tunda lissafinsa a bayyane yake.

Sai dai a nan ya kamata a rage zumuɗi, domin labarin yakan fito kamar ALMA ta duba sau biyu ta warware komai. Yi lissafin da kanka. Digiri uku da rabi sakan 12,600 ne. Idan awon ya yi kyau har kuskurensa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba, kuskuren nisa zai zama kashi ɗaya cikin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin na kilomita biliyan 4.8, wato kusan kilomita 3,800. Awon da ya ba ka hagu da dama cikin kilomita 230, shi ne ya ba ka nisa cikin kilomita dubu uku da ɗari takwas. Dabarar ido biyu ita kaɗai ba ta kai ga abin da ake so. Nisan gaske yana fitowa ne idan aka zuba awon cikin babban lissafin falaki da cibiyar JPL ta NASA ke yi, inda dokar jan nauyi ke ɗaure saurin tafiya da nisa daga rana, a nemi falakin da ya fi dacewa da duk awon da aka taɓa yi. A cikin wannan lissafi awon ALMA turke ne mai ƙarfi a ƙarshen igiya. Ɗaya ƙarshen kuma yana 1930.

Shi ya sa aikin da ya fi burge ni a wannan labari ba a Atakama aka yi shi ba. A cibiyar Lowell akwai tarin faifan gilashi da wani masani, Carl Lampland, ya yi ta ɗaukar Fuluto da su daga 1930 zuwa 1951. Masanin taurari Marc Buie ya koma kansu, aka sake auna ɗigon da ke jiki da kundin taurari na zamani, shi da William Folkner na JPL suka buga sakamakon a 2015. Gilashin da aka ɗauka tun kafin a harba tauraron ɗan'adam na farko ya zo ya taimaki kumbon da ke bakin Fuluto. Kuɗi yana sayen faranti 66, amma ba ya sayen shekarar 1935, sai dai wanda ya adana ta. Ga kuma hanya ta uku, ta husufin tauraro: lokaci-lokaci Fuluto kan gifta gaban wani tauraro ta rufe shi, inuwarta ta faɗo a wani yanki na duniya, kuma inda inuwar ta bi yana nuna mazauninta daidai ƙwarai idan an san na tauraron. Da haka aka tabbatar tana da iska a 1988. Ranar 29 ga Yuni 2015, saura mako biyu, jirgin SOFIA mai ɗauke da na'urar hangen nesa ya bi irin wannan inuwa a kusa da New Zealand.

A ƙarshen watan Yunin nan aka kunna injin kumbon na sakan 23, aka sauya gudunsa da santimita 27 a sakan, gyara na ƙarshe ke nan. Masu tsara hotuna kuma ba su yarda da lissafi ɗari bisa ɗari ba, sun ƙara hotuna gaba da baya a jerin, ko da Fuluto ta zo da wuri ko ta makara. Ranar 14 ga Yuli, da ƙarfe 11:49 agogon GMT, kumbon ya gifta. Bai yi magana da gida ba duk tsawon aikin, tunda ba ya iya juya farantinsa ga duniya yana kuma nuna kyamara ga Fuluto. Sai bayan sa'a goma sha uku saƙonsa ya iso ɗakin aiki a jihar Maryland cewa lafiya lau, ma'ajiyarsa cike. Kwaso hotunan ya ɗauki har Oktoba 2016, kuma Fuluto tana cikinsu.

Bayan nan ma'auni ya ɗan karkata. Gaia ta fitar da kundinta, an ɗaure shi da kwezar ɗin da ake gani da hasken ido, barakar da ke tsakanin taswirorin biyu ta kusa rufewa. Lokacin da New Horizons ya nufi Arrokoth, ɗan ƙaramin abu da ya gifta ranar 1 ga Janairu 2019, da taurarin Gaia da husufi aka nemo mazauninsa, har tawaga ta je Senegal a Agusta 2018 ta jera ƙananan na'urori tare da masanan ƙasar ana jiran ƙyaftawar tauraro guda. Farantan rediyo kuma sun samu wani aikin a cikin wadannin. Mike Brown, wanda gano wadar duniya Eris da ya yi da abokansa a 2005 ne ya jawo sauke Fuluto, shi da Bryan Butler sun yi amfani da ALMA da wannan dabara ta kwezar suka bi rangajin da wata ƙaramar duniya mai suna Orcus ke yi saboda jan watanta Vanth, suka fitar da nauyin watan daga girman rangajin. Sun gwada haka a kan Eris da watanta Dysnomia.

Ita Fuluto yanzu tana da abin da ba ta da shi a 2014: rana ɗaya da aka san inda take da awon rediyo na kumbon da ya wuce ta gefenta. Sauran falakin har yanzu lissafi ne. Ba za ta dawo inda Tombaugh ya tsince ta a faifansa ba sai shekarar 2178.